Ranar da Muka Doke Ƙungiyar Kawu

Na manta abubuwa da yawa na zamana a New York, har lambar gidan da na fara sauka ta ɓace mini, amma akwai wata Lahadi guda da na san da ita zan shiga kabari. Ba ranar aurena ba ce, ba kuma ranar da na sami takardar zama ba. Ranar wasan ƙwallo ce kawai, kuma ƙungiyata ce ma ta ci. Duk sanda na tuna yadda na yi ta tsalle a falona ina ihu ni kaɗai a wannan yammacin, sai kunya da baƙin ciki su rufe ni.

Kawuna ne ya kawo ni ƙasar nan, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana tuƙi a wani ofishin jakadanci a Manhattan har ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a Kaduna, shi kuma ya ƙi komawa gida, wai likitocinsa a nan suke. Yana zaune shi kaɗai a hawa na biyar a Parkchester, can cikin Bronx. Ni kuwa a St. George nake, can tsallaken ruwa, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A lokacin matata ba ta iso ba tukuna, tana Kano tana jiran takardu. Tsakanina da Kawu sai na hau jirgin ruwa, na hau jirgin ƙasa biyu, tafiyar kusan awa biyu in komai ya tafi daidai.

Wata shekara cikin sanyi hawan jini ya kwantar da shi asibiti kwana huɗu. Da aka sallame shi Umma ta kira ni daga Kano. Ta ce, "Ba ni da kowa a can sai kai. In Yaya ya kira ka, ko me kake yi ka ajiye ka ɗaga." Na ce mata in Allah ya yarda ba zan saɓa ba. Na zaunar da Kawu na koya masa alamomin da na sani a wurin aiki: in hannu ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ko harshe ya ƙi juyawa, a kira lambar gaggawa nan take. Ya yi dariya ya ce, "Ni in jikina ya rikice, Turanci ne yake fara gudu ya bar ni. Kai zan kira, kai ka kira su." Na amsa masa da to. Da bakina na amsa, ba wanda ya tilasta ni.

Abin da ya fi haɗa ni da Kawu bayan jini shi ne ƙwallon Ingila. A samartakarsa ɗan baya ne a wata ƙungiyar unguwa a Fagge, daga baya har ya horar da yara. Kallonsa ba irin namu ba ne. Mu inda ƙwallo take muke bi da ido, shi kuwa inda ba ta nan yake kallo. Wasannin Ingila da safe suke kama mu a nan, wani ma ƙarfe bakwai da rabi. Duk Asabar da ba ni da aiki, ina idar da asuba nake kama hanya, in isa in tarar ya dafa shayi ya soya ƙwai, ya zauna da hularsa kamar mai jiran baƙi daga ƙauye. Ƙungiyarsa mai shuɗiyar riga ce, tawa mai ja. Ba mu taɓa zama awa guda ba mu yi musu ba.

Yana kirana Koci, saboda ba na iya kallon minti biyar ban faɗi abin da ya kamata mai horarwa ya yi ba. In aka tafi hutun rabin lokaci sai ya jawo kwalaben maganinsa ya jera a kan teburi, huɗu a baya, ya sa kofunan shayi a tsakiya.

"Koci, zo ka gani," zai ce, yana tura kwalba ɗaya gaba. "Wannan ɗan bayan naku na dama da aka ce ya riƙa shigowa tsakiya, in an ƙwace ƙwallo wa yake tsare masa gida? Babu kowa. Filin nan da ya bari, ko ni da gwiwar nan tawa sai na ratsa."

"Kawu, ai ba za a ƙwace ba. Shi ya sa muke matsa musu tun daga gabansu."

"Ku matsa mana. Ƙafa ce, ba inji ba."

A kakar wasan da nake ba ku labari, ƙungiyata ta fara da wuta. Muna sama a teburin gasar, muna danne kowa tun daga bakin ragarsa, ni kuwa baki har kunne. Kawu bai taɓa musa cewa sha ɗayanmu na farko sun iya ba. Maganarsa kullum a kan benci take. Ya ce in ka waiwaya bencin ƙungiyarsa, manya ne zaune suna hamma, kowanne zai iya shiga ba a ji bambanci ba. Namu kuwa yara ne da ko gemu ba su fara ba. "Bari a shiga Disamba ana buga wasa duk kwana uku," in ji shi, "ka zo mu yi magana." Haushin da nake ji shi ne gaskiya ya faɗa. Kafin sanyi ya wuce, ɗan tsakiyarmu da ke riƙe da ƙungiyar ya fara jan ƙafa, ɗan bayanmu ɗaya ya samu rauni a cinya, ɗan gabanmu lamba tara kuma ya fita daga ganiyarsa gaba ɗaya, ko raga ba gola aka ba shi sai ya ɗaga ta sama. Muna cin wasa, amma da ƙyar da jiɓin goshi.

To ni ina da wata al'ada, wadda duk mai aikin ƙarshen mako kuma mai son ƙwallo a ƙasar nan zai gane ta. Duk sati biyu aiki yana faɗo mini Asabar da Lahadi, daga bakwai na safe zuwa uku. Sai in saita talabijin ta ɗaukar mini wasan, in dawo in kalla kamar a lokacin ake bugawa. Daɗin abin duk yana ga rashin sanin sakamako, don haka na mai da kaina kamar mai gudun 'yan sanda. Ina kashe ƙarar duk zaurukan hira na waya. Ba na shiga ɗakin hutun ma'aikata saboda akwai talabijin. A jirgin ruwa ina juya wa mutane baya in fuskanci teku, domin an taɓa ɓata mini rana da wani mutum mai jar riga da na gani yana washe baki shi kaɗai. Yanzu in na tuna sai in ga shirme ne, amma a lokacin da gaske nake.

Duk wannan tsaro nawa, mutum ɗaya ne yake ratsa shi. Kawu ba ya taɓa faɗa mini sakamako, wannan na shaide shi. Abin da yake yi ya fi haka ciwo. In mun sha kashi, ana busa tashi zai kira, ya ce da wata murya mai laushi, "Koci, ya aiki? Ka ci abinci kuwa? Ka ci da yawa fa, yau kana buƙatar ƙarfi." Shi ke nan, ya gama da ni. In kuwa mu muka ci, sai in yi kwana biyu ban ji ɗuriyarsa ba, in na tambaya ya ce wayar ce ba caji.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kawu, don girman Allah ka daina kirana ranar wasa. Ko numfashinka na ji na san abin da ya faru."

"Oho, yanzu gaisuwa ma ta zama laifi? Ni na ce maka an ci ku?"

"Ba sai ka ce ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce to ya daina. Sati uku ya riƙe alƙawarin. Na huɗu muka yi canjaras da wata ƙungiya ta ƙasan teburi, sai ga kiransa, wai tambaya yake ko na san inda ake sayar da man zaitun mai kyau. Ranar na ce a raina, na gama ɗaga wa tsohon nan waya ranar wasa.

Aka zo makon da ƙungiyata za ta karɓi baƙuncin tasa, cikin bazara, kaka ta kusa ƙarewa. Wasan ya faɗo Lahadi ƙarfe tara na safe, ni kuma ina aiki. Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci na bi shi gida. Ya ce kansa na ɗan sara masa tun jiya, yana ta murza bayan wuyansa. Na tambaye shi ko ya sha magani, ya ce ya sha. Na'urar awon jini tana nan a kan teburi, hannu kawai zan miƙa. Ban miƙa ba, domin ya riga ya jefo magana.

"Minti saba'in na ba ku," ya ce. "Za ku yi ta guje-guje kamar kullum, mu kuma mu zauna a baya mu jira. Da ƙafafunku sun mutu, sai kocinmu ya waiwaya benci ya sako mutum uku sababbi fil. Kai wa za ka sako? Wannan yaron da uwarsa ke rako shi fili?"

"Kawu, ƙwallon zamaninku ta wuce. Yanzu ba a zama a baya."

"Allah ya kai mu Lahadin, Koci."

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin lif, yana riƙe da bango. Na lura da hakan, na ɗauka gwiwa ce.

Ranar Lahadi ina tsaye ina jera kwalaben jini a na'ura, ƙarfe sha ɗaya ta ɗan gota, wayata ta yi motsi a aljihu. Na ciro na duba, Kawu ne. Na kalli agogon bango na lissafa, yanzu aka tashi daga wasa. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, an ci mu, kofi ya tafi, tsoho kuma ya kira ya tambaye ni ko na ci abinci. Na danna na katse. Ba a yi minti ɗaya ba ya sake kira, na sake katsewa. Da ya kira na uku har tsaki na yi a fili, wata abokiyar aikina ta juyo ta tambaye ni lafiya, na ce mata wani ne yake son ɓata mini rana. Na bar ta ta yi ta motsi har ta gaji, sannan na kashe wayar ɗungurungum na jefa a aljihu. Maganar Umma ko giftawa ba ta yi a raina ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau: ba auna alƙawarin na yi na zaɓi saɓa shi ba, mantawa na yi da shi kwata-kwata.

Na ƙarasa aikin ina ɗaure da fuska. A jirgin ruwa ban ma wahalar da kaina da juya baya ba, tunda a ganina an riga an faɗa mini. Ina zaune ina shirya amsoshin da zan ba Kawu: alƙalin wasa ne, raunuka ne, ai ko su da bencin nasu ba abin da za su ɗauka bana. Na isa gida wajen huɗu da kwata, na yi alwala na yi sallah, na ɗumama shinkafa. Har na ce ba zan kalla ba, sai na ce bari dai in ga yadda aka yi mana.

Rabin farko ya tafi yadda Kawu ya tsara shi, kamar shi ya rubuta. Muna riƙe da ƙwallo muna zagaye, su sun tattaru a baya sun toshe ko'ina. Ɗan bayanmu na dama ya shigo tsakiya, aka ƙwace, suka jefa doguwa ta daidai filin da ya bari, ɗan gabansu ya ruga ya zura. Na ce wa talabijin, "To ga shi nan." Lamba taranmu ya samu dama ɗaya shi da gola, ya buga wa 'yan kallo. Na ture kwanon shinkafar gefe.

Sai kocinmu ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da aka dawo hutu ya cire ɗan tsakiyar nan da ya gaji, ya mayar da baya mutum uku, ya sako yaron nan da Kawu ke yi wa dariya, ya ce ya tsaya a gefen hagu kada ya shigo ciki. Yaron ya hana ɗan bayansu sakat. Minti saba'in ya zo, suka sako manyansu uku, amma manyan nan sun daɗe a zaune, jikinsu ya yi sanyi, kafin su gane inda suke yaron ya ratsa ya rama mana. Na miƙe tsaye. Na manta da cewa na san sakamako, ko in ce na ɗauka za su sake zura mana ne a ƙarshe, shi ya sa duk ƙwallon da suka ɗauko sai in ce ga ta nan. Ana saura 'yan mintuna aka yi mana bugun kusurwa, lamba taran nan da na gama zagi ya tashi sama ya sa mata kai, ta shige.

Na yi ihu har maƙwabcina na ƙasa ya buga rufi. Na zagaya falo da gudu, na durƙusa, na tashi. Alƙali ya busa tashi. Biyu da ɗaya, mun ci, kuma daga benci aka ci su. Na dira kan rigar aikina ina laluben waya, bakina cike da magana. Yau zan tambayi Kawu ko ya ci abinci. Ina riƙe da wayar ina jiran ta kunnu, ina dariya, sai wani tunani ya zo ya tsaya mini a ƙirji. Mun ci. Kawu ba ya kirana in mun ci. Ko sau ɗaya bai taɓa ba. To me ya sa ya kira har sau uku?

Wayar ta kunnu, saƙonni suka fara zubowa. Ban kalli na zaurukan ƙwallo ba. Akwai kira da yawa daga wata lamba, ta maƙwabcin Kawu, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da suke zuwa masallaci tare, wanda Kawu ya ba wa makullin gidansa saboda tsaro. Na kira shi nan take.

"Yaro, kana ina tun ɗazu? Wayanka a kashe oo," ya ce. "Kawunka ya faɗi. Ambulan ya ɗauke shi, muna emajensi. Ka zo maza."

Ban san yadda na sa takalmi ba. Na isa tasha jirgin ruwa ya tashi a gaban idona, na tsaya jiran na gaba. Da na shiga na zauna, a nan na ga akwai saƙon murya ɗaya daga Kawu, wanda ya bari bayan kira na uku. Na daɗe ina kallonsa kafin na danna. Da farko ƙarar talabijin ce kawai, masu sharhi na ta surutu. Sai muryarsa ta fito, a nauyaye, kamar an cika masa baki da tuwo.

"Koci... ɗaga mana... ba maganar ƙwallo ba ce... hannuna..."

Daga nan sai wata ƙara kamar abu ya faɗi, masu sharhi suka ci gaba. Ya san dalilin da ya sa ban ɗaga ba. Yana kwance harshensa na mutuwa, da ɗan abin da ya rage masa na magana yake ƙoƙarin kwantar mini da hankali cewa ba zai ɓata mini wasa ba. Na kifa kaina a gwiwa a cikin mutane na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Rana ta faɗi kafin na isa asibitin a Bronx. Dattijon yana zaune a kujerar jira da carbinsa. Ya ce bai ga Kawu a azahar ba, ya ɗauka haushin wasa ne ya hana shi fitowa, har ya yi niyyar tsokanarsa. Da bai gan shi a la'asar ba sai ya hau sama. Ya ƙwanƙwasa shiru, ga talabijin na ta ƙara, ya buɗe da makullinsa. Ya same shi a ƙasa tsakanin kujera da teburi, ido biyu, wayar ta zame ta shige ƙarƙashin kujera. "Yana kallona, bai iya cewa komai," in ji dattijon. Bai tambaye ni me ya sa wayata take kashe ba, sai ya dafa kafaɗata ya ce sannu.

Likitar ta fito ta tambaye ni ko ni ne ɗan'uwansa. Ta ce jini ne ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, tana son ta san yaushe abin ya fara, ko akwai wanda ya ji daga gare shi bayan asuba. Na san dalilin tambayar. Akwai allurar da ke narkar da irin wannan, amma sai in an kawo mutum cikin 'yan awanni. Ni ne a wurin aikina nake karɓar jinin irin waɗannan marasa lafiya, in ajiye komai in yi nasu da gudu. Na ce mata ya kira ni sha ɗaya ta ɗan gota. Ta kalli agogo, ta kalle ni, ta rubuta. Ni kam da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kawu bai rasu a ranar ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da in ya fara bayanin yadda ake tsare gida sai shayi ya huce, ya koma ba ya iya cewa ruwa. Aka mayar da shi gidan jinya. Na nemi a canza mini ranakun aiki, duk Asabar da Lahadi ina can tun safe. Ina goge masa jiki, in yi masa aski, in kunna masa wasa a talabijin ɗin ɗakin. Idonsa yana nan yadda na san shi, yana bin inda ƙwallo ba ta. In koci ya yi jinkirin canji sai ya riƙa bubbuga gefen gado da hannun hagu. Ni ne nake magana mu biyu, in faɗi nawa, in faɗi abin da na san zai ce, wani lokaci gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Sau da yawa na shirya zan roƙe shi gafara, in na buɗe baki sai in kasa. Wata Asabar ana hutun rabin lokaci na matso kusa da shi na ce, "Kawu, ranar nan da ka kira ni..." Ya juyo ya kalle ni, ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna mini talabijin, 'yan wasa sun fara fitowa. Muka ci gaba da kallo. Har yau ban san me yake nufi ba. Wata rana in ce ya yafe ne, ba ya so in wahalar da kaina. Wata rana in ce ba ya son ji ne. Ba ni da wanda zan tambaya.

Kofin ma ba mu ɗauka ba. Makonni biyu na ƙarshe ƙafafu suka ƙare, aka wuce mu, ban ji komai ba. Kawu ya rasu cikin zafi, kafin a fara sabuwar kaka, wata Talata da hantsi. Muka yi masa sallah a Bronx, muka kai shi makwancinsa a New Jersey, ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Bayan sadakar bakwai Umma ta kira ni. Ta yi ta sa mini albarka, tana cewa kowa ya ba ta labarin yadda na riƙe mata Yaya, Allah ya ba ni masu yi mini. Kowace addu'a ta yi sai in ji kamar ana ɗora mini dutse. Na ce, "Umma, tsaya. Akwai abin da ba ki sani ba." Na faɗa mata duka, kira ukun, da kashe wayar, da dalilin. Har na ɗauka layin ya yanke. Ina jin kukan akuya a tsakar gidanmu.

Can ta ce, "Ƙwallon, kun ci?"

Na ce, "Mun ci, Umma."

Ta ce, "To. Allah ya amfana." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce in gaida mutane, ta ajiye. Daga baya ta ce ta yafe, ta ce kwana ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Amma ba ta sake roƙona in kula mata da wani nata ba, ko da ɗan ƙanwarta ya zo karatu nan kusa da mu, wani ta ba wa amanarsa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, sai dai na saye shi da tsada. Na saba da mutum har na ɗauka na san abin da zai faɗa kafin ya buɗe baki, na yanke masa hukunci ban saurare shi ba. Sau ashirin lissafina yana fita daidai, ranar da ya kuskure kuwa ita ce ranar da yake buƙatata. Idan wani naka ya kira ka, musamman tsoho, musamman wanda ka ce masa ya kira, ka ɗaga ka ji. In tsokana ce, ranka ya ɓaci na awa ɗaya, ba abin da ka rasa. Ni yau a shirye nake in san sakamakon duk wasan da ya rage a duniya tun kafin a buga shi, in dai za a mayar da ni sha ɗayan safiyar nan in ce, "Na'am, Kawu."